Marsa Bayan Marsa

Alhamis, 1 ga Maris 2018. Sawakin

Anka ta sauka a mita 6, laka, ta kama nan take. Bayan tsohon tsibirin muke, ruwa kwance lumui. Jiragen filafili huɗu muka tarar, duk arewa suka nufa, duk zaman jira suke. Ejan ya zo cikin farar jallabiya, ya tattara fasfo, ya bar mana takardar shiga gari. Ta bin gaɓa sai an buɗe ofis.

Daga nan zuwa Suwez kimanin mil 700 na teku. Iska kuwa daga can take zuwa, daga arewa, kusan shekara duka. Bayan cin abinci Kyaftin ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa a kan Sawakin, ya yi shiru. Ya tsufa a ruwa, amma wannan gaɓa bai taɓa ganinta ba. Uwargida ma haka. Ni balle.

Juma'a, 2 ga Maris

Sallah a Gef, ɓangaren garin da ke ƙetaren gadar tsibiri. Ana sallamewa ƙamshin agashe ya ja ni wata rumfa. Ina ta fama da Larabcina na Islamiyya, dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, yi Hausa mana ka huta."

Na zauna. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci jefi-jefi. Kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar Hajji: Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan. Guzuri ya ƙare, aka tsaya cirar auduga a Jazira, aka yi aure, aka hayayyafa. Yana da dangi a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi kansa bai taɓa taka Najeriya ba.

"Jidda za ku?"

"A'a, Baba. Masar."

Ya ajiye wuƙa. "Ga ƙofa nan, dare ɗaya a jirgi, ka wuce ta?"

Na ce jirgin ba nawa ba ne, kuma jirgin yawo ba ya faɗa wa Jidda haka kawai. Ya ce Allah ya kira. Kuɗi ya ƙi karɓa, har da faɗa.

Asabar, 3 ga Maris

Jarkoki. Dizal daga gari, ruwa a amalanken jaki, kowanne sai an tace. Bayana kamar zai karye. Kuɗi a hannu kawai, katin banki ba ya aiki a nan. Mai burodi ya ce tun Janairu farashi ya ninka.

La'asar na zaga tsibirin. Benaye na dutsen murjani, yanzu tsibi-tsibi a ƙasa, maguna a kai. Murjani in an daina shafe shi ana gyarawa, ruɓewa yake. Abin da ya sa muke barci lafiya a nan shi ya kashe garin: mashiga siririya, sha'ab, wato katangar murjani, hagu da dama. Manyan jiragen tururi ba su iya da ita ba, Turawan Ingila suka matsa kusan kilomita 60 arewa a 1905 suka fara gina Bur Sudan, fatake suka bi su. Turkawa sun gyara tsofaffin masallatai biyu. A Disamba Erdogan ya zo, aka ce an ba su tsibirin su raya. Kowa a nan da fassararsa.

Tumaki na ta shiga jirgin Jidda a tashar Usman Digna. Kukansu har dare.

Lahadi, 4 ga Maris

Taro a jirgin Faransawa, kowa da kwamfutarsa. Babu wanda ya taɓa bin hanyar, amma kowa yana da labarin wanda ya taɓa.

Abin da na tsinta. Katangar murjani biyu ce a gaɓar Sudan, ɗaya manne da ƙasa, ɗaya can waje, hanya a tsakani. A ta cikin akwai tsage-tsage, bakin tsofaffin kwaruruwa ne da teku ya cike. Su ne marsa, in ta yi tsawo a ce khor. Ciki lafiya lau, komai haukar iska. Shigar ce aiki.

Taswira: tushenta a wurare da yawa awon Robert Moresby ne da Elwon, a jiragen Palinurus da Benares, tun daga 1829, lokacin da Kamfanin Gabashin Indiya ke neman wa jirgin tururi hanya daga Bombay zuwa Suwez. Da igiya da darma suka auna, sun yi aikin maza. An yi gyara daga baya, ba ko'ina ba. Siffar wuri takan fito daidai, mazauninsa ne ke gocewa: GPS ya ce kana tsakiyar ruwa, taswira ta ɗora ka kan tudu. Shi ya sa kowa ya sauke hotunan tauraron ɗan'adam. Su kuma ba sa faɗin zurfi, kuma inda gajimare ya tsaya ranar ɗauka, fari fat.

Dokar Kyaftin: kowace safiya mafaka uku a takarda. Wadda muke so, wadda za mu haƙura da ita, da wadda za mu koma in abu ya ƙi.

Litinin, 5 ga Maris

Takarda ta fito. Iska mil 25 a awa. Ba inda za mu. Na canza filtar mai, na kwanta.

Talata, 6 ga Maris. Wingate

Da asuba, da inji. Tun Nuwamba Sudan ta mayar da agogo baya da awa ɗaya, don haka rana kan fito kafin shida, ta yi tsaka kafin sha biyu. A riƙe wannan.

Yau na ga lissafin gaɓar da idona. Iska na barci da asuba, ta farka da hantsi, azahar ta haukace. Murjani kuwa ba ya ganuwa sai rana ta ɗaga kuma tana bayanka. Marsa duk yamma ake fuskanta a shige su. Ƙarfe ɗaya na wucewa rana ta dawo cikin ido, ruwa ya koma ƙyalli zalla, shi ke nan ƙofa ta rufe sai gobe. Tsakanin asuba da azahar, nan ne duk tafiyar yini. Mil talatin in an yi sa'a.

Ma'aunin zurfi ba ya gargaɗi. Mita 200, babu lamba, babu lamba, sai dutse. Sha'ab bango ne a tsaye.

Sanganeb muka so, Wingate muka samu. Mita 18, sarƙa kusan duk ta fita, wurin bai kwanta mini ba. Kusa da mu Umbria na kwance a gefensa, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a Yuni 1940 don kada Ingila ta ƙwace shi. Bama-bamai 360,000 a cikinsa har yau. Fitilun Bur Sudan ta yamma. Barci rabi da rabi.

Laraba, 7 ga Maris. Sanganeb

Nan akasi: mashigar tana yamma, gabas ake fuskanta, sai muka yi ta jan ƙafa a waje har rana ta hau kai. Ni a kan jigo, igiya a ƙugu, tabarau mai kashe ƙyalli, oba-oba a wuya. Dama kaɗan. Miƙe. Tsaya. Tsaya na ce. Muka sami fegin yashi tsakanin duwatsu biyu, nan aka saki.

Babu ƙasa ko taki ɗaya, kilomita 25 daga gaɓa, zoben murjani ne kawai a tsakiyar teku, amma ciki ruwa kwance. Hasumiyar fitila, kusan mita 50. Masu tsaronta suka yi mana shayi, muka bar musu sukari da batir. Na hau har ƙarshe, gwiwa na rawa.

Daga sama ne karatun ya zauna. Abin da nake ta lalube daga kan jigo ga shi a shimfiɗe. Baƙin shuɗi, zurfi ne, wuce abinka. Shuɗi mai haske, yashi, wajen mita 10, nan ake neman wurin anka. Tsanwa, mita 3 ko 4, a yi sannu, gindin jirginmu mita 2 yake ci. Ruwan goro, murjani ne dab da sama. Fari, idon sawu. Waɗannan duk da sauƙi. Abin tsoro shi ne tulin murjani guda, tsaye shi kaɗai a tsakiyar shuɗi, babu shi a taswira. Tabo ne mai duhu. Inuwar gajimare ma tabo ce mai duhu. Bambancinsu ɗaya: inuwa na tafiya. Sai ka kafa mata ido ka jira, jirgi kuwa ba ya jira.

Tun 2016 UNESCO ta sa wurin nan tare da Dungunab cikin kayan gadon duniya. Ko ba doka, kunya ta hana ka jefa ƙarfe a kan abin da na gani yau da na leƙa ƙasa. Kifi kala-kala, ba sa ko gudu.

Alwala da ruwan teku, leɓe na zafi. Gishirin Bahar Maliya ya kai kashi 40 cikin dubu, sauran tekuna 35. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a ciki, rana kuma na ta sha.

Rabona da farin ciki irin na yau an daɗe.

Alhamis, 8 ga Maris. Marsa Fijab

Sha'ab Rumi ne na ɗaya a takarda. Uwargida tun Masawa take zancensa. A 1963 Jacques Cousteau ya kafa ƙauye a ƙarƙashin ruwa a nan, mutane suka yi wata guda a zurfin mita 10. Rumfar ƙaramin jirginsu na nutso tana nan har yanzu. Tana yarinya ta ga fim ɗin.

Mun iso, iska ta riga mu. Mashiga siririya, ruwa na gudu a ciki, kumfa gefe da gefe. Kyaftin ya zagaya, ya duba, ya sake zagayowa. Ya ce a'a. Ba ta ce uffan ba, ta sauka ƙasa.

Daidai ya yi. Amma shekarunsu sun ja, ban ga ranar da za su dawo nan ba.

Fijab sha biyu da rabi, saura ƙiris. Alamar ƙarfe ɗaya a tsaye, wata kuma sai kututture. Mita 9, yashi da laka. Na yi iyo na duba, anka ta nutse har wuya.

Juma'a, 9 ga Maris

Iska 30. Jirgi na fizgar sarƙa, ya je hagu, ya dawo dama. Babu Juma'a, azahar na yi.

Asabar, 10 ga Maris

Haka dai. Asuba, shayi, duba sarƙa inda take gogar ƙarfe, duba batir. Hasashen yanayi ta wayar tauraro ƙarfe bakwai: kibiyoyi duk daga arewa, duk ja. Uwargida ta gasa burodi. Sun fara magana, a kan gishiri.

Na ɗauki alamu biyu a tudu, wani tsauni mai tsaga da wata busasshiyar bishiya. Muddin bishiyar na ƙarƙashin tsagar, ba mu ja ba. Da dare babu fitila ko ɗaya a duk faɗin gaɓar, sai ƙararrawar GPS. Ta yi kuka ƙarfe biyu, muka fito a guje. Juyi ne kawai.

Lahadi, 11 ga Maris

Ƙudaje. Daga ina a hamadar nan, a iskar nan? Ƙura ta shafe duwatsun yamma, ta shiga littafi, ta shiga haƙori.

Shaho mai kamun kifi ya yi sheƙa a ƙasa kan wani ɗan tsibirin yashi, tarin itace ya kai ƙugu. Raƙumi ɗaya ya zo ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana cin ganyen itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Mai shi, Beja, da sanda a kafaɗa, ya zauna ya kalle mu, muka kalle shi. Ya ɗaga hannu ya tafi.

Me ya kawo ni?

Litinin, 12 ga Maris

Faransawa a rediyo. Sun gaji da jira, sun bi ta waje, taguwar ruwa gajera mai tsayi ta yi ta dukansu har filafilin goshi ya yage. Suna Bur Sudan. Kyaftin bai ce komai ba, amma ya ci abinci da yawa.

Hasashe ya ce gobe 12, jibi 10. Mu gani.

Talata, 13 ga Maris. Tsibiran Taila

Fita ta fi shiga ban tsoro, babu wanda ya gaya mini. Dole da sassafe don a riga iska, dole gabas, rana na fitowa cikin ido. Daga goshin jirgi ban ga komai ba sai zinariya. Layin da GPS ya zana ranar da muka shiga, shi muka bi, taku bisa taku, a hankali. Wannan layin ne kaɗai abin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari a jirgin nan, don gindinmu ne ya bi ta kai bai taɓa komai ba. Na wani jirgi da aka kwafa mana a Sawakin, wa ya san zurfin gindinsa, wa ya san ko ya goga ya yi shiru?

Hanyar ciki. Ruwa kwance, sha'ab na waje na tare mana taguwa. Arakiyai ta wuce, Salak ta wuce, ƙarfe goma ba ta yi ba. Kowace muka wuce sai in ji kamar mun bar gado a shimfiɗe. Kyaftin na soke su a takarda yana rubuta na gaba.

Taila: 'yan tsibirai na yashi, ƙasa-ƙasa, tsuntsaye fal. Anka ta kudu da su, mita 11. Yashi ne, amma da tabo nan da can. Kyau kamar me.

Laraba, 14 ga Maris. Marsa Inkeifal

Cikin dare iska ta faɗi, jirgi ya yi ta yawo, sarƙa ta naɗe wani dutse. Da safe injin ja ya yi gurnani ya tsaya. Na shiga da tabaran ruwa ina nuna hanya daga sama, Kyaftin na bin naɗin da jirgi a baibai, Uwargida na saki tana ja. Awa biyu. Safiya mafi kwanciya tun Sawakin, a nan ta tafi.

Daga yau in akwai tabo a ƙasa za mu rataya wa sarƙa robobin gefen jirgi, ta yi lilo a sama da duwatsu.

Inkeifal kusa, mil tara ko goma. Ƙarama, zagayayya, shiru. Mashigarta lungu ce irin ta cikin Birnin Kano, in ka shiga babu juyawa sai ka kai ƙarshe.

Alhamis, 15 ga Maris

Masunta uku a ƙaramin jirgin katako, ƙanƙararsu ta kusa ƙarewa. Ruwan sha suka tambaya. Muka ba su jarka ɗaya da sukari, suka miƙo najil, jan kifi mai ɗigo-ɗigo, ya isa mu kwana biyu. Suka dafa jabana a garwashi cikin jirginsu, kofi da citta, ɗan finjali na zagayawa.

Na tambayi babbansu hanya. Ban nuna masa taswira ba, na ga ba ta gabansa. Ya zana da yatsa a kan katako: nan Muhammad Gol, nan Mukawwar, bi nan, akwai ruwa da yawa. Na ce ruwa nawa, ya Hajj? Ya nuna ƙirjinsa. Gaskiya ya faɗa, gaskiyar jirginsa. Namu sai ya kafe.

A kan iska kuwa na fi yarda da shi a kan wayar tauraro. Ya dubi duwatsu ya ce in suka fito tas da safe, kusa-kusa, arewa na tafe da ƙarfi. Yau Jabal Erba, mai sama da mita 2,000, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Juma'a, 16 ga Maris. Mukawwar

Gajeriyar tafiya, zuwa bayan tsibirin ta kudu. Sojoji biyu sun zo daga Muhammad Gol a kwale-kwale, suka duba takarda, suka sha shayi. Ɗaya ya tambaye ni ko ni Takari ne. Na ce daga tushe ma. Ya yi dariya, ya ce maƙwabcinsu a Kasala Bahaushe ne.

Arewa da mu Dungunab, babban lungu mara zurfi. A nan wani Bature masanin halittun ruwa, Cyril Crossland, ya yi shekaru yana kiwon kawar lu'ulu'u a farkon ƙarnin da ya wuce. A nan kuma ɗan'uwan ayu yake, na ruwan gishiri, yana kiwo a ciyawar ƙasan teku. Na zauna a goshi har magariba. Wani abu mai launin ƙasa ya ɗago can nesa, ya yi huci, ya koma. Uwargida ta ce shi ne. Kyaftin ya ce kififfiya.

Asabar, 17 ga Maris

Masunci ya yi gaskiya.

Lahadi, 18 ga Maris

Gaba babu hanyar ciki. Ras Abu Shagara ya turo kai cikin teku, dole a fita waje a zagaye shi, mil arba'in zuwa Khor Shinab, a tsakani babu wurin da Kyaftin ya yarda da shi. Yau mafaka biyu kawai a takarda: can, ko nan.

Mun leƙa da asuba. Muna ta saƙa, hagu, dama, mil goma a ruwa, huɗu a taswira. Kwanuka na zuba a ƙasa. Ƙarfe takwas ya yi lissafi: a haka sai la'asar. Muka juyo. Abin da muka yi awa uku muna haƙilo a kai, cikin minti arba'in iska ta mayar da mu. Anka a ramin jiya.

Jinjirin wata bayan magariba, kan duwatsu. Rajab. Tsofaffi a gida sun ɗauki azumi ke nan. Babu sabis, ban kira kowa ba.

Litinin, 19 ga Maris

Jira. Na ɗinke hular Kyaftin. Albasa ta ƙare.

Talata, 20 ga Maris. Khor Shinab

Ƙarfe uku na dare muka fita, a kan layinmu na Lahadi. Ashe komawar ta yi rana. Inji da rabin filafili. Ras Abu Shagara ya wuce da fitowar rana, dolfin na wasa a goshi. Sha ɗaya iska ta tashi, gudu ya ragu zuwa mil uku. Ido a agogo, ido a rana.

Ɗaya da kwata a bakin khor. Hazo. Daga kan jigo launi duk ya dushe, sai layin kumfa a gefen arewa, shi na riƙe. Na ce a bar shi tsawon jirgi biyu a dama. Hoton tauraro ya yarda da ni, taswira ta ce muna tafiya a kan tudu. Lanƙwasa ta farko, ruwa ya kwanta, na ga ruwan goro gefe da gefe, baƙin shuɗi a tsakiya, mita 25, mita 20. Haka ya yi ta murɗawa cikin hamada tsakanin tuddai ja da rawaya, har teku ya ɓace a baya.

Mita 12, laka. Da na sauko hannuna ya kasa riƙe kofi. Kyaftin ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

Laraba, 21 ga Maris

Mun hau tudun da taswira ke kira Quoin. Ƙasa cike da ɓawon kawa da busasshen murjani, can sama, nesa da ruwa. Jirgi a ƙasa ɗan fari. Can yamma manyan motoci a hanyar iyakar Masar, babu sauti.

Na duba lamba: digiri 21 da minti 21. Makka 21 da 25. A Sawakin arewa maso gabas nake fuskanta, kullum alƙibla na ɗan sauko wa dama, yau ta zo gabas sak. Jidda mil ɗari da ashirin a gabana, ruwa ne kawai a tsakani, da rami mai zurfin sama da mita 2,000. Daga gobe, in an tafi, za ta fara komawa kudu. Iskar arewa ta yi mini amfani ɗaya: goshin jirgi kullum arewa yake kallo, sai in juya dama in kabbara, ba ya gocewa.

Na daɗe a kan sallaya.

Alhamis, 22 ga Maris

Iska 28. Ƙura. Lissafin mai: lita 190. Inji na shan uku a awa. Daga nan zuwa Fot Galib, inda za a buga mana shiga Masar, ya haura mil 250 da kyau. In ruwa ya kwanta, mil biyar a awa, zai kai mu da ɗan saura. In iska ta tare mu a tsakiya, ba zai kai ba. Na yi lissafin gaba da baya, amsa ɗaya.

Saura marsa kaɗan a hannun Sudan: Marob, sai Umbeila dab da layin digiri 22. Bayan nan Halayib, Sudan na cewa tata, Masar na riƙe da ita, jirgin baƙo ba ya tsayawa. Sai babban lungun da taswira ke kira Foul Bay, cike da sha'ab da ba a gama aunawa ba. Ana zagaye shi ta waje, dare biyu, babu mafaka sai Ras Banas. Dokar mafaka uku ta ƙare a nan.

Juma'a, 23 ga Maris

Gardama. Uwargida: mu matsa Marob, mil talatin sun ragu. Kyaftin: kowace shiga da fita mai ne, kuma wurin da ka sani ya fi wanda ka karanta. Suka juyo gare ni. Na ce shayi ya tafasa.

A gaɓar Halayib ɗin nan Aizab take, tashar alhazai ta da. Ibn Jubair ya ƙetare daga can a 1183, a jirgin da aka ɗinke da igiyar kwakwa babu ƙusa, ya sha wuya. Ibn Battuta ya iso a 1326 ya tarar Beja na yaƙi da sarautar Masar, an nutsar da jirage, ya koma da baya har Alƙahira. Ya ɗan sanyaya mini rai.

Gwangwanin wake, shinkafa. Ruwa jarka biyar.

Asabar, 24 ga Maris

Hasashe: Litinin da Talata 8 zuwa 10, Laraba da yamma ta dawo. Makon jiya ma ya faɗi irin haka ya fasa. Duwatsu da safe dishi-dishi, in maganar masunci ce, alama mai kyau.

Wani jirgi ya shigo ƙarfe sha ɗaya, tutar Ostireliya. Sun kira a rediyo suna tambayar inda laka take, na karanta musu lambobinmu. Suna da dizal fiye da buƙata, in ji su, za a yi magana da yamma.

Kyaftin ya rubuta Marob a takarda, ya soke, ya sake rubutawa da alamar tambaya. Na duba man inji, na ɗaure jarkoki, na ɗaga kwale-kwalen roba sama. Ya ce a tashe shi ƙarfe huɗu, a ga abin da iska ke ciki.